ANA KIRANKA A WAJE

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo da zagin Sista don ta daina amsa gaisuwar Auta, ku ɗan dakata. Ga dalilinta nan. In kun gama karantawa, sai ku nemi wanda za ku zaga, in kun samu.

*

Tun ranar da aka yi wa Malama aikin maƙoƙo, ɗakin mata na sashen tiyata ya koma kamar gidan rasuwar da aka hana kuka. Kowa na aikinsa, babu mai kallon idon wani.

Auta, ƙaramar likitar da ta fi kowa sabunta a sashen, ta tsaya a bakin gadon Malama tana duba bututun da aka saka mata a maƙogwaro. Malamar firamare ce. Da ƙafarta ta shigo asibitin nan, da muryarta garau, har tana tsokanar nas-nas wai su yi sauri su gama da ita, ta baro yara a aji suna cin karensu babu babbaka. Yanzu ga ta kwance, iska na shiga tana fita ta cikin roba.

Ƙaramar 'yarta ta kama gefen gadon tana jan zanen.

"Mama, ki ce wani abu mana."

Leɓen Malama ya motsa. Babu abin da ya fito sai iska.

"Mama, ban ji ba."

Auta ta kau da kai. Ta sake maimaita wa zuciyarta abin da Dogo, likitan da ke bin Baba, babban likitan sashen, a girma, ya gaya mata ranar: yana faruwa, jijiyar murya siririya ce kamar zaren ɗinki, wani lokacin ko wa ya yi aikin sai ta taɓu. Kwana da kwanaki tana jiƙa maganar nan tana sha, amma ta ƙi kwanta mata.

"Ke! Likitar gidanmu! Zo nan."

Daga can ƙarshen ɗakin muryar ta fito, kuma ba sai an tambayi mai ita ba. Yaya ce. Muryar Yaya in ta kira yaro a tsakar gida, na gida uku ke amsawa. Ita ta goyi Auta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta zauna kan keken ɗinki har bayanta ya lanƙwashe don ƙanwarta ta zama likita. Yau ita ce ke jiran a shiga da ita, aikin maƙoƙo, irin na Malama sak.

"Yaya, ki rage murya, akwai marasa lafiya."

"Ni ɗin mai lafiya ce? Tun jiya an hana ni ci, an hana ni sha, an kwance min 'yan kunne, an kawo wannan rigar mai buɗaɗɗen baya an ce in saka. Ni tela ce fa. Wallahi in na kama wanda ya ɗinka rigar nan sai ya nuna min ubangidansa."

Matar gadon kusa ta yi dariya har da riƙe ciki. Auta ta yi yaƙe.

Yaya ta jawo hannunta, ta sassauta murya, abin da ba ta saba ba.

"Waccan baiwar Allah, irin nawa aka yi mata ko?"

"Naki daban ne, Yaya."

"Kar ki min ƙarya. Tun kina rarrafe nake gane ƙaryarki."

"Baba ne zai yi miki da kansa. Na roƙe shi. Ya yi min alkawari daga farko har ƙarshe, ba zai fita ba ko wa ya kira shi."

"To shi ke nan. Ke kika ce duk ƙasar nan babu hannu irin nasa."

"Babu."

Daidai nan Sista ta zo wucewa da tiren kayan aiki. Babbar nas ce ta ɗakin tiyata, ta yi aiki da Baba tun kansa yana baƙi. Ta ji maganar, ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba.

"Ina kwana, Sista."

Ko waiwaye.

Abin ya ishi Auta. Mutum ya gaishe ka yau, gobe, jibi, kana wuce shi kamar turken ƙofa? Ta saki hannun Yaya ta bi bayanta har ɗakin wanke kayan aiki.

"Sista, don girman Allah me na yi miki?"

Sista ta ajiye tiren a bakin famfo.

"Rufe ƙofar."

Auta ta rufe.

"Yanzu na ji kina cewa kin sa Baba ya yi alkawarin ba zai fita ba."

"E. Ai kullum sai an katse shi a tsakiyar aiki. Ni ban ga dalilin da za a riƙa..."

"Kin taɓa ganin Baba ya ɗaga kofin shayi a gaban mutane?"

"Shayi kuma?"

"Ki ba ni amsa."

Auta ta yi tunani. "Ban lura ba."

"Kin taɓa ganin ya zura zare a allura? Kin taɓa ganin ya ɓalle maɓallin rigarsa kina tsaye?"

"Sista, ban gane ba."

"Na sani. Ai rashin ganewarki ne ya kwantar da waccan matar."

Auta ta dafe ƙirji.

"Ni? Ni ko safar hannu ban saka ba ranar! Kallo kawai aka ce in yi!"

"Da kallon kika tsaya da ba mu kai nan ba." Sista ta juyo. Idonta ja, irin jan wanda ya kwana biyu bai runtsa ba. "Faɗa min abin da kika yi ranar. Da bakinki."

"Kin ce ana kiran Baba a waje, kamar yadda kika saba. Ni kuma dama na riga na gaya wa na bakin ƙofa kar su bari kowa ya dame shi. Sai na ce bari in duba. Na fita, ban ga kowa ba. Na dawo na ce masa babu kowa, ya ci gaba da aikinsa."

"A gaban ɗalibai."

"E, amma..."

"Kina murmushi. Ko ta cikin takunkumi ana gani. Kin yi abin kai."

"To mene ne laifin..."

"Babu mai kiransa, Auta."

Famfon na ɗiga. Sista ta ci gaba.

"Ba a taɓa kiransa ba. Ko sau ɗaya. Hannun Baba rawa yake yi. Ya daɗe yana yi. Yanka fata, buɗe wuri, rufewa, duk wannan yana iyawa. Amma in an zo wurin jijiya, wurin da aiki ke son hannun da ba ya ko gezau, sai in ce masa, Baba, ana kiranka a waje. Ya ajiye almakashi ya fita. Ya zauna a ɗakin canja kaya shi kaɗai. Dogo ya karɓa ya wuce wurin jijiyar. Baba ya dawo ya duba, ya ce madalla, ya rufe. Mara lafiya ya tashi da muryarsa, Baba ya tafi gida da girmansa."

Auta ta ja da baya. Ta dafa bango.

"Shi... shi ya sani?"

"Ba mu taɓa maganar ba, ni da shi. Ranar farko da na ga bakin almakashin yana kaɗawa, na ce masa ana kiransa a waje. Ya kalle ni, na kalle shi, ya fita. Daga ranar ya zama aiki."

"Innalillahi."

"Kansa yana nan daram. Idonsa yana nan. Ya kalli wuya sau ɗaya ya gaya miki abin da hoto bai nuna ba. Hannun ne kawai ya ci amanarsa."

"Me ya sa ba ku gaya min ba?"

"Ba a faɗa."

"Kamar yaya ba a faɗa?"

"Ganewa ake yi. Wa ya gaya wa Dogo? Wa ya gaya wa mai allurar barci? Har mai goge ƙasa ya sani, kuma babu wanda ya zaunar da shi. Sabon zuwa shiru yake yi ya kalla."

Nan ran Auta ya ɓaci.

"Shiru? Na shigo sashen nan na gaishe ku, kuka nuna min inda ake ajiye takalmi, kuka nuna min inda ake dafa ruwan zafi, kuka gaya min Baba ba ya son a tauna cingam a gabansa. Cingam kuka gaya min, Sista! Amma abin da ran mutum ke rataye a kai, shi ne ganewa ake yi?"

"Na yi miki ido."

"Ido! Fuska a rufe, fitila ta haske ni, ni ina can baya ina leƙe ta kafaɗar mutane, ki ce kin yi min ido? Kina ji na ce zan fita in duba. Kalma ɗaya. Tsaya. Da kin ce tsaya..."

A karon farko tun zuwan Auta, babbar matar nan ta sunkuyar da kai gaban ƙaramar likita.

Aka turo ƙofa. Dogo ne, ya sunkuyo kamar kullum don kar goshinsa ya bugi katako. Kallo ɗaya ya yi musu ya san an fasa ƙwai.

"Kin gaya mata."

"Ta sa shi alkawarin ba zai fita ba. A aikin yayarta."

Dogo ya rufe ido ya jingina da ƙofar.

Auta ta juya kansa. "Kai ka ce min yana faruwa. Ka kalli idona ka ce min jijiyar siririya ce."

"Siririyar ce."

"Kana gani?"

"Ina gani." Muryarsa ta dushe. "Ni ke riƙe masa wurin. Na ga bakin almakashin ya kauce. Gefe ɗaya, sannan ɗayan. Na san abin da zai faru tun kafin ya faru."

"Ka yi shiru."

"Ga ɗalibai a tsaye sun zuba masa ido. Ke kuma kin riga kin ce babu kowa. In ce masa me? Baba, ba ni? Mutumin da ya kama hannuna ya koya min yadda ake riƙe wuƙa? Bakina ya ƙi buɗuwa, Auta. Wallahi na nemi muryata na rasa."

"Kai taka ta dawo. Ta Malama fa?"



Sai a lokacin abin ya faɗo wa Auta gaba ɗaya.

"Yaya."

Ta kama hannun rigar Dogo.

"Yau za ku yi yadda kuka saba ko? Sista za ta faɗa, ya fita, ka wuce wurin. Ku manta da alkawarin, ni na janye. Ko?"

Dogo ya kalli Sista. Sista ta kalli famfo.

"Tun ranar bai ƙara fita ba," in ji Dogo. "Jiya a wani ƙaramin aiki Sista ta gwada. Ko kai bai ɗaga ba. Ya ce mai kiran ya jira."

"Me ya sa?"

"Saboda kowa ya ji babu mai kiran. Da can yana fita ne a matsayin babban likitan da ake nema. Yanzu in ya fita, ya amsa da bakinsa cewa ba ya iyawa. Ƙofar da yake bi da mutuncinsa kika rufe."

"Ban sani ba! Ban sani ba!"

"Na san ba ki sani ba."

"To ka karɓi aikin!"

"A hannun wa?"

"Mu je wurin shugaban asibiti."

Sista ta yi wata dariya marar daɗi. "Shi ma ɗalibinsa ne. Ya riga Dogo sani. In kin je zai ba ki kujera, ya tambayi lafiyar gida, ya ce za a duba."

"A ɗaga aikin to."

"In za a ɗaga sai da dalili," in ji Dogo, "kuma Baba za a kai wa dalilin. Ga shi maƙoƙon ya fara danne mata hanyar iska, ke da kanki kika ce a zaune take kwana." Ya zare hannun rigarsa a hankali. "Hanya ɗaya ce. Wani ya shiga ofishinsa ya faɗa masa a fuska. Mu mun kasa, shekara da shekaru. Ke bakinki a buɗe yake. Je ki."

Ta tafi. Da gudu ma ta tafi, tana jin haushinsu, tana raina su a zuciya. Manyan mutane, masu furfura da takardu, sun tsaya kunya ta ci muryar mace! Ita za ta faɗa. Me zai hana ta?

Ta ƙwanƙwasa.

"Shigo."

Baba na zaune bayan teburinsa, ya riga ya saka koren kayan tiyata. Tsoho ne mai kyan tsufa, fari fat a gemu, murya a kwance. Hannunsa na dama yana kan tebur, na hagu ya danne shi. A gefe ga kofin shayi cike, ya huce har ya yi fata, ba a taɓa ba. Sau nawa ta shigo ofishin nan ta ga kofin nan haka? Ashe ido a buɗe take yawo ba ta gani.

"'Yata ce. Zauna."

Ba ta zauna ba.

"Na san tsoro kike ji. Saboda Malama."

"Baba..."

"Ni ma ban yi barci ba tun ranar. Kullum da safe sai na je na tsaya a kanta. Tana kallona, ba ta da bakin da za ta tambaye ni." Ya sauke ido kan tebur. "Amma yayarki 'yata ce. Na yi miki alkawari. Ko cewa aka yi gidana ya kama da wuta, ba zan fita daga ɗakin nan ba sai na rufe wuyanta da hannuna."

"Baba, ko Dogo zai ɗan... a wurin jijiya... ko zai ɗan taimaka?"

"Dogo yaron kirki ne. Yana da hannu." Ya ɗago ido. "Amma ni kika roƙa. Ko kin canja shawara ne?"

Ga ƙofa nan ya buɗe mata da kansa. Kalma ɗaya ta rage.

"Baba, hannu..."

"Hannu me?"

Ya tsare ta da ido. Kuma a idon nan ba ta ga faɗa ba, ba ta ga girman kai ba. Roƙo ta gani. Tsoho ne da babu abin da ya rage masa a duniya sai koren kayan nan da ke jikinsa, yana roƙon sa'ar 'yar cikinsa kar ta tuɓe shi. Wannan mutumin ne ya zaɓe ta cikin masu neman gurbi da yawa. Shi ne ranar da ta suma a aikinta na farko ya hana kowa dariya, ya ce shi ma ya taɓa suma.

Ta ga hannun hagu ya ƙara danne na dama.

"Hannunka mai albarka ne, Baba. Allah ya ba da sa'a."

"Amin, 'yata. Amin."

Ta fito.

Kun ji fa. Wadda ta gama yi wa Sista tsawa a kan kalma ɗaya, ga ta nan ta haɗiye tata kalmar, har da addu'a a kai. Ashe ba a ganin nauyin bakin wani sai an tsaya inda ya tsaya. A bakin ƙofar ta tsani kanta, tsana irin wadda ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ta ɗaga hannu za ta sake ƙwanƙwasawa, hannun ya tsaya a iska, ya sauko.

Saura Yaya. In Yaya ta ce ta fasa, babu mai taɓa ta.

Ta koma ɗakin mata ta tarar da gado wayam, sai ɗankwalin Yaya a ninke kan matashi. Ta fita da gudu. A doguwar baranda ta cim ma gadon mai taya, nas biyu na turawa.

"Ku tsaya! Don Allah ku tsaya!"

An riga an yi wa Yaya allurar farko. Idonta ya yi nauyi, amma bakin yana nan.

"Ga ta nan kamar an biyo ta. Ke haka likitoci ke gudu?"

"Yaya, mu fasa. Mu bari sai wani lokaci."

"Mu fasa? Bayan yunwar da na sha? Ba ki da tausayi."

"Yaya, ki saurare ni, akwai abin da..."

Nas ɗin biyu suka zuba mata ido. Can bayansu ta hango Baba ya fito daga ofis, yana tahowa a hankali, mutane na kaucewa suna gaishe shi. Ta sake fasa faɗa.

"Kuka kike? Kar ki ba ni kunya cikin mutane, kina likita." Yaya ta lalubo fuskarta ta share mata da bayan hannu, kamar yadda take yi mata tun tana ƙarama. "Ke kika ce babu kamarsa. Ni kuma ban taɓa jin kin yabi abin banza ba."

"Yaya..."

"Matso in gaya miki." Muryar ta fara jan ƙafa. "Wannan dogon likitan... na ga irin kallon da yake miki. In na tashi akwai magana. Doguwa ce. Ki tanadar min kunnenki."

Aka tura gadon. Ƙofar ta buɗe ta rufe.

Ba a barin likita ta shiga aikin 'yar uwarta, wannan kowa ya sani. Amma babu wanda ya hana Auta lokacin da ta saka koren kaya ta ɗaura takunkumi ta tsaya a bayan ƙofar ciki, inda akwai ɗan gilashi. Mai goge ƙasa ya kalle ta ya ja bokitinsa ya ba ta wuri. Shi ma ya sani.

Ta gilashin tana ganin komai. An rufe Yaya da koren zane, wuyan kawai aka bari, ƙarƙashin fitila. Baba a dama, Dogo a hagu, Sista kusa da tire. Ɗalibai sun jeru jikin bango, hannu a baya.

Farkon aikin ya tafi lafiya. Kai, ya ma yi kyau. Baba ya buɗe wurin a tsanake, yana yi yana bayani, ɗalibai na gyaɗa kai. Har Auta ta fara ce wa kanta ƙila Sista ta zuzuta abin. Ƙila ranar Malama tsautsayi ne kawai. Ƙila yau hannun zai ji kunyarta.

Sai ta ga Dogo ya daina motsi.

An zo wurin jijiya.

Baba ya miƙa hannu. Sista ta ɗauko siririn almakashi, ta riƙe shi fiye da yadda ya kamata kafin ta saka masa a tafi. Ya karɓa. Ya sunkuya. Ya buɗe bakin almakashin ya zura a hankali cikin wuyan Yaya.

Yanzu da ta san inda za ta kalla, ta gani. Daga nan bayan gilashi ta gani. Ƙarfen yana kaɗawa, kaɗan-kaɗan, hasken fitila na rawa a jikinsa.

Ta tura ƙofar da kafaɗa, ta buɗe kaɗan.

Muryar Sista ta fito, a bushe.

"Baba, ana kiranka a waje."

Bai ɗago ba.

"Wa ke kira?"

Injin da ke ƙirga bugun zuciyar Yaya na ta aikinsa. Bai taɓa tambaya ba. Sista ba ta da amsa, don ba ta taɓa tanadar ta ba. Ta kalli Dogo. Dogo ya kafe ido a kan ƙarfen, gumi na bin gefen hularsa, bakinsa a rufe kamar an ɗinke.

"Na ce wa ke kira?"

Auta ta shigo.

"Ni ce."

Duk kawuna suka juyo, ban da na Baba.

"Ki jira, 'yata. Ina cika miki alkawari ne."

"Na yafe alkawarin. Ka fito, Baba. Don Allah ka fito."

"Fitar da ita, Sista."

Sista ba ta motsa ba.

Kuma kalmar da ta ƙi fita a ofis, inda babu kowa sai su biyu da kofin shayi, inda da ta fita da babu abin da za ta taɓa sai zuciyar tsoho, sai ga ta ta ɓalle yanzu, da ƙarfi, a gaban ɗalibai, ƙarfe na cikin wuyan mutum.

"Hannunka rawa yake yi, Baba! Kowa ya sani! Ka ba Dogo!"

Jikinsa gaba ɗaya ya zabura, kamar wanda aka mara.

Ya ɗago. Ya kalli Sista. Ya kalli mai allurar barci. Ya kalli ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, kowanne na sunkuyar da kai in an zo kansa. Idon tsohon ya ciko.

"Har su?"



Dogo ne kaɗai bai ɗago ba. Yana nan sunkuye a kan wuyan Yaya, kuma da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce.

"Baba. Kar ka motsa."

"Me?"

"Kar ka motsa hannunka. Sista, matso da fitila."

Sista ta jawo fitilar. Auta ta taka ɗaya, ta taka biyu, ta leƙa ta gefen kafaɗarsa.

Almakashin da ya shiga wuyan Yaya a buɗe, yanzu a rufe yake.